SURA DA RUBUTU: DARASI A KAN KUƊIN ZINARIYA NA SARAKUNAN INGILA

Sa'ad da Farisiyawa suka zo su gwada Ubangijinmu a kan zancen haraji, ya ce a nuna masa kuɗin da a ke biya da shi. Da suka kawo, sai ya tambaye su ko surar wane ne a jikinsa, rubutun kuma na wane ne. Labarin yana cikin Matta sura 22. Kowace rana kuɗi yana wucewa ta hannunmu, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa su yi masa wannan tambaya. Sarakunan dā kuwa sun san amfanin sura da rubutu ƙwarai. A zamanin da babu jarida, yawancin mutane kuma ba su iya karatu ba, tsabar kuɗi ita ce sanƙiran sarki. Tana shiga kasuwa, tana ƙetare teku, tana faɗin abin da sarki ya ke so a sani game da shi.

A darasin wannan wata za mu duba kuɗin zinariya da aka buga a Ingila cikin shekara wajen dubu. Sun cancanci a duba su, gama da yawa cikinsu suna ɗauke da ayoyin Littafi Mai Tsarki, waɗansu kuma an yi su da zinariyar Afirka ta Yamma. Za mu yi wa kowace tsaba tambaya uku. Surar wane ne? Me rubutun ya ce? Daga ina zinariyar ta fito?

Domin yara, bari mu tuna da lissafin dā. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kuma kwabo 12. Da shi aka yi ciniki a Ingila har 1971, a Nijeriya kuma har 1973.

1. Sarkin da ya ari rubutun da ba ya iya karantawa

Offa ya yi sarautar Mersiya, a tsakiyar Ingila, daga 757 zuwa 796. A zamaninsa kuɗin ƙasar na azurfa ne. Zinariyar da fatake suka yarda da ita a kewayen Bahar Rum kuwa ita ce dinarin halifofin Abbasiyawa. Saboda haka maƙeran Offa suka ɗauki dinarin Halifa Mansur, wanda ya gina Bagadaza, suka kwaikwaye shi duka. Suka sa shekarar Hijira 157, watau 773 zuwa 774. Suka sa kalmar shahada kamar yadda ta ke a jikin na asali. A tsakiya kuma suka ƙara sunan Offa da sarautarsa da haruffan Romawa. Nauyin tsabar wajen miskali guda ne, kamar na dinarin.

In mutum ya riƙe ta yadda zai karanta sunan Offa, sai ya ga Larabcin yana kife, akwai kuma kurakurai cikin haruffan. Wannan ya nuna maƙerin bai san Larabci ba, zane kawai ya ɗauke shi. Offa Kirista ne, ya gina gidajen ibada, yana musayar wasiƙu da Roma. Abin da ya ke nema shi ne a karɓi kuɗinsa yadda a ke karɓar na halifa. Guda ɗaya tak aka sani, tana gidan kayan tarihi na Birtaniya a Landan.

Ga koyarwa ta fari. Mutum yana iya sa sunansa a tsakiyar magana wadda bai san ma'anarta ba. Akwai masu sa hannu a takardar bashi ba su karanta ba, akwai kuma masu maimaita addu'a da baki, zuciya ba ta ji ba.

2. Sarki cikin jirgi

Bayan Offa an daɗe ƙwarai ba a yin ciniki da zinariya a Ingila. A 1252 biranen Italiya, Filorens da Jenowa, suka soma buga tasu, da yawa daga zinariyar kuwa raƙuma ne suka ƙetaro da ita Sahara zuwa bakin teku. A 1257 Sarki Henry na Uku ya gwada tasa, tsaba mai darajar kwabo 20, da surarsa zaune bisa kursiyi. Mutanen Landan suka yi gunaguni, gama ɗan ƙodago a lokacin kwabo ɗaya ko biyu ya ke samu a yini. Ba a daɗe ba aka daina bugawa. A 2021 wani ya tsinci guda a gona a yankin Devon, aka sayar da ita a 2022 a kan fam 648,000.

Edward na Uku ya sake gwadawa a farkon 1344, amma ya sa wa tsabar daraja fiye da zinariyar da ke cikinta, fatake suka ƙi ta. Kafin shekarar ta ƙare ya fito da wata mai suna Nobul, a kan sule 6 da kwabo 8, watau sulusin fam. Wannan ta zauna, aka yi ta bugawa fiye da shekara 100.

A fuskar Nobul ga sarki tsaye cikin jirgin ruwa, ya fi jirgin girma, takobi a dama, garkuwa a hagu. Masana da yawa suna ganin tunawa ce da yaƙin Sulus na 1340, inda Edward da kansa ya shiga jirgi, ya hallaka kusan dukan jiragen Faransa. An raba garkuwar gida huɗu, biyu da zakunan Ingila, biyu da furannin Faransa, domin Edward ya ce sarautar Faransa gādonsa ne ta wajen uwa. Rubutun ma ya kira shi sarkin Ingila da Faransa. Yaƙin ya ƙare a 1453, Ingila ta rasa kusan dukan abin da ta riƙe can. Garin Kale, wanda ya rage mata, ya kuɓuce a 1558. Duk da haka sarakunan Ingila ba su ajiye wannan kirari ba sai 1801. Mu lura, an iya buga magana a kan zinariya tsantsa, maganar kuwa ta zama wofi.

A bayan Nobul akwai gicciye mai ado, kewaye da shi kuma aka rubuta Luka 4:30 da Latin. Aya ce mai ba da labarin yadda mutanen Nazarat suka kai Yesu bakin dutse za su jefa shi, shi kuwa ya ratsa su ya yi tafiyarsa. Me ya kawo wannan aya jikin kuɗi? Mutanen wancan zamani sun ɗauke ta maganin ɓarayi da haɗarin hanya. Su kan zana ta a zobe, matafiya su kan karanta ta in za su shiga daji. Watau sun mai da aya laya.

A nan ya kamata mu buɗe surar mu karanta ta duka, gama amsar tana ciki. A farkon wannan sura ta 4, Shaiɗan ya kai Yesu bisa ƙololuwar Haikali, ya jawo masa aya daga Zabura 91, ya ce ya dira, tun da an yi alkawarin mala'iku za su tallafe shi. Yesu ya ƙi, ya ce ba a gwada Allah. Ashe wanda aka rubuta labarinsa a jikin Nobul domin tsari, shi ne ya ƙi a yi amfani da aya ta wannan hanya. Ya tsira a Nazarat domin sa'arsa ba ta yi ba tukuna. Da ta yi, bai guje wa gicciye ba. Wannan jaraba ba ta Turawan dā kaɗai ba ce. Wanda ya sa Littafi ƙarƙashin matashi domin korar mugun mafarki, amma ba ya buɗe shi da safe, shi da mai zoben nan ɗaya su ke.

3. Mala'ika da hannun sarki

A 1465 Edward na Huɗu ya fito da sabuwar tsaba, ita ma sule 6 da kwabo 8. Mutane suka sa mata suna Anjel, watau Mala'ika, domin a fuskarta ga Mika'ilu da fikafikai yana soke ƙaton maciji da māshi, kamar yadda aka ba da labari cikin Ru'ya ta Yohanna sura 12. A bayanta ga jirgi, amma sarki ba ya ciki. Gicciye ne ya tsaya a tsakiyarsa, rubutun kuma addu'a ce ta roƙon Almasihu Mai Fansa ya cece su ta wurin gicciyensa. Cikin dukan kuɗin Ingila da wuya a sami wadda ta fi ta kyan ma'ana.

Amma ga abin da aka yi da ita. Akwai wata cuta mai kumbura kaluluwar wuya har ta fashe ta zama gyambo. Ingilishi da Faransawa sun gaskata cewa in sarki ya taɓa mai wannan cuta zai warke. A Ingila a kan jera marasa lafiya, limami yana karatu, sarki ya shafa wuyan kowane, kāna ya rataya masa Anjel wadda aka huda aka zura wa zare. Suna cewa in mutum ya sayar da ita ko ya yar, cutar za ta komo.

An daina buga Anjel a zamanin Charles na Ɗaya, amma aka ci gaba da yin ƙananan tsabobi masu surar Mika'ilu musamman domin wannan al'ada. Charles na Biyu ya taɓa mutum fiye da 90,000. A 1684 mutum shida ko bakwai suka mutu cikin turereniya wajen neman izinin shiga. Har ya zama dole kowa ya kawo takarda daga limamin garinsu mai shaida ba a taɓa shi a dā ba, gama waɗansu zinariyar su ke komowa nema. A 1712 aka kai wani yaro ɗan shekara biyu wurin Sarauniya Anne. Shi ne Samuel Johnson, wanda ya girma ya rubuta babban ƙamus na Turanci a 1755. Ya riƙe tsabar har mutuwarsa, tabon cutar kuma bai rabu da wuyansa ba. Joji na Ɗaya, wanda ya hau sarauta a 1714, ya bar al'adar.

Yanzu an sani ƙwayar cutar tarin fuka ce ke kawo yawancin wannan kumburi. Wani lokaci ya kan lafa da kansa, sai a ce hannun sarki ne. Wanda bai warke ba kuwa a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Yau akwai magani a asibiti, na shan wata shida ko fiye, wanda ya ga irin wannan kumburi kada ya yi jinkirin zuwa. Mu tuna kuma da Ayyukan Manzanni sura 3. Bitrus ya gaya wa gurgun nan ba shi da azurfa ko zinariya, gurgun kuwa ya tashi ya yi tafiya. Duk inda aka gama warkarwa da kuɗi, ko mai warkarwa ne ke karɓa ko shi ke bayarwa, sai a yi hankali.

4. Babbar tsaba, da hancin jan ƙarfe

Henry na Bakwai ya ci sarauta da takobi a filin Bosworth a 1485, bayan gidaje biyu na dangi ɗaya, Lankasta da Yok, sun yi shekara 30 suna kashe juna. Kursiyinsa bai kafu sosai ba, ana ta tayar masa da 'yan takara. A 1489 ya umarta a buga tsabar da ba a taɓa ganin irinta a ƙasar ba, mai darajar fam guda cif, nauyinta fiye da giram 15. Sunanta Sofarin, watau mai mulki. A fuskarta sarki yana zaune bisa kursiyi da kambi da sandan mulki. A bayanta ga babban furen wardi mai ninki biyu, alamar gidajen nan biyu da ya gama sa'ad da ya auri Elizabeth 'yar gidan Yok. Ba kuɗin cefane ba ne. A kan ba jakadu da manyan baƙi, domin su koma gida su ce sarkin Ingila ya zauna daram.

Ɗansa Henry na Takwas ya gāji baitulmali cike, ya ƙarar da shi a yaƙe-yaƙe da gine-gine. Daga 1544 ya soma rage kyan kuɗin a gidan bugawa. Zinariyar da ta ke kusan tsantsa ta sauka zuwa kashi 20 cikin 24. Ta azurfa ta fi lalacewa, har sulusi kaɗai ya rage azurfa, saura jan ƙarfe. In tsabar ta sha hannu, sai hancin sarki ya goge, ja ya bayyana, har mutane suka yi masa laƙabi da mai hancin jan ƙarfe. Ramin ƙarya ƙurarre ne. 'Yan kasuwa suka tsawwala farashi, mutane suka ɓoye tsofaffin kuɗi masu kyau, talaka mai karɓar lada ya sha wahala. Sai a 1560 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta tattara munanan ta narke, ta buga sababbi.

Duk wannan lokaci rubutun jikin kuɗin yana cewa sarki yana mulki bisa ga alherin Allah. Littafin Misalai sura 11 kuwa ya buɗe da cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, annabi Amos kuma a sura 8 ya tsauta wa masu rage mudu. Dokar nan ɗaya ce ga sarki da mai awo. Mai buga gindin mudu, da mai zuba ruwa cikin nono, da mai karɓar ladan yini ya yi aikin rabi, duk hancinsu zai yi ja wata rana.

Ingilishi suna da wata al'ada mai kyau tun ƙarni na 13. Daga kuɗin da aka buga a kan ware waɗansu a kulle a akwati. Sa'an nan a tara maƙeran zinariya waɗanda ba ma'aikatan gidan bugawa ba, a rantsar da su gaban alƙali, su auna nauyi, su gwada kyan ƙarfen. Har yanzu ana yi a Landan kowace shekara. Ma'ajin ekklesiya mai gaskiya ba zai ji haushi ba in aka ce waɗansu su ƙirga baiko tare da shi.

5. Allah yana wajen wa?

A 1603 James sarkin Sikotlan ya gāji sarautar Ingila. Shi ne wanda aka fassara Littafi Mai Tsarki da Turanci bisa ga umarninsa, ya fito a 1611. A 1604 ya buga tsabar fam guda mai suna Yunait, watau gamawa, da aya daga Ezekiyel 37:22, inda Allah ya yi alkawarin mai da Yahuza da Isra'ila al'umma ɗaya. Majalisun ƙasashen biyu ba su yarda ba, sai a 1707 aka gama su.

Ɗansa Charles na Ɗaya ya sa a rubuta a jikin tasa Anjel cewa ƙaunar jama'a ita ce garkuwar sarki. A 1642 yaƙi ya tashi tsakaninsa da majalisarsa. Ya bar Landan, ya kafa gidan buga kuɗi a Oksford, ya buga tsabar fam uku mai nauyin wajen giram 27, wadda ta fi dukan zinariyar da aka taɓa bugawa da guduma a Ingila girma. Yana riƙe da takobi a hannu ɗaya, reshen zaitun a ɗayan. A baya ya yi alkawarin tsare addini da dokokin ƙasa da 'yancin majalisa, ya kewaye alkawarin da farkon Zabura 68, addu'ar roƙon Allah ya warwatsa maƙiyansa. A 1649 aka fille masa kai a Landan.

Waɗanda suka ci shi suka buga nasu kuɗi, babu surar kowa, sai garkuwa mai gicciye da garkuwa mai molon Ailan. Suka bar Latin suka yi rubutu da Turanci. A gefe ɗaya sunan sabon mulkin, a ɗaya gefen kuma cewa Allah yana tare da su. Masu ba'a suka ce, ai kuwa gaskiya ne, Allah yana gefe guda, mulkin yana gefe guda. A yaƙin Dunbar na 1650 shugabansu Oliver Cromwell ya ɗaga murya da ayar nan ta Zabura 68, wadda sarkin da ya kashe ya buga a kan zinariya. A 1656 aka yi tsaba mai surar Cromwell da rawanin ganye irin na Kaisar. A 1660 sarauta ta komo. Sarki goma, zamani goma.

Sa'ad da Joshuwa ya ga mutum da zararren takobi kusa da Yariko, ya tambaye shi ko nasu ne ko na maƙiyansu. Amsar da ya samu a sura 5 ba ta zaɓi ko ɗaya ba, sai Joshuwa ne ya fāɗi rubda ciki ya tuɓe takalmansa. A lokacin zaɓe, ko rikicin gona, ko tsattsaguwa cikin ekklesiya, kowane sashe ya kan sami ayarsa. Kafin mu ɗauki aya mu jefi wani, mu fara bari ta auna mu.

6. Giwa a ƙarƙashin wuyan sarki

A dā a kan sa guntun zinariya tsakanin hatimi biyu na ƙarfe a buga da guduma. Gefen ba ya daidaita, ɓarayi su kan yanke kaɗan kaɗan su tara. A 1663, zamanin Charles na Biyu, aka fito da sabuwar tsaba ta inji, da tsaga a gefenta domin a gane in an taɓa ta. Nauyinta ya ɗara giram 8, zinariya kashi 22 cikin 24. Sunanta Gini. Ba ginin ɗaki a ke nufi ba. Gini shi ne sunan da Turawa su ke kiran dukan gaɓar tekun Afirka ta Yamma.

Da fari sule 20 ce, amma ta yi ta hawa har ta kai 30. A 1717, bisa ga shawarar Isaac Newton, masanin nan wanda shi ne shugaban gidan buga kuɗi, aka tsai da ita a sule 21. An buga ta ƙarshe a 1813 domin biyan sojan da ke yaƙi da Faransa. Sunan bai mutu ba. Da shi a ke cinikin dawakin sukuwa a Ingila har yanzu, daga gare shi ne kuma fam na Masar da na Sudan suka sami sunan da a ke kiransu da Larabci, gine ko jine.

A waɗansu Gini, ƙarƙashin wuyan sarki, akwai 'yar ƙaramar giwa, daga baya kuma giwa ɗauke da hasumiya. Alamar kamfanin sarki mai ciniki a Afirka ke nan, wanda aka sāke kafawa a 1672, shugabansa kuwa James ƙanen sarki, mai sarautar Yok. Giwar tana shaida cewa kamfanin ne ya kawo zinariyar. Yawancinta daga ƙasar Akan ta fito, cikin Ghana ta yanzu, kudu da Gwanja inda fatakenmu su kan je sayen goro. Babbar ganuwar kamfanin tana Kef Kos.

Ga amsar tambayarmu ta uku, mai nauyi ce kuwa. A bisa ganuwar nan ana auna zinariya, a ƙarƙashinta kuma akwai kurkuku. Kamfanin nan ya ƙetarar da 'yan Afirka fiye da 100,000 zuwa gonakin rake da taba na Amurka da tsibiranta, da yawa suka mutu a hanya. Akan ɗora wa bayi ƙarfe mai zafi da haruffan kamfanin, kamar yadda a ke yi wa shanu. Tsabar tana cewa alherin Allah a fuska, ba ta faɗi wannan ba. Sai a 1807 majalisar Ingila ta hana cinikin, bayan Kirista irin su William Wilberforce, da 'yantattun bayi irin su Olaudah Equiano, sun yi shekaru suna fama. Kada mu karanta wannan da girman kai. Bature bai sayi bawa ba sai da ya sami mai sayarwa, kasuwannin ƙasarmu kuma sun ga nasu cinikin mutane.

7. Mahayi da dodo

A 1817 aka komo da sunan Sofarin, fam guda, nauyinta kusan giram 8. Wani gwanin sassaƙa daga Roma, Benedetto Pistrucci, ya yi mata surar Joji mai shaida bisa doki yana tattake dodo. Bisa ga abin da ekklesiyar dā ta riƙe, Joji soja ne wanda aka kashe saboda sunan Almasihu wajen shekara ta 303. Kabarinsa yana Lidda, garin da Bitrus ya warkar da Iniyasu. Kiristan Habasha da na Masar suna girmama shi ƙwarai. Labarin dodon kuwa ƙari ne, ya shigo bayan ɗaruruwan shekaru. Mutumin da ya yi nasara ta wurin miƙa wuyansa, duniya ta fi son ganinsa bisa doki da takobi.

Sofarin ta zaga duniya, aka buga ta a Sidni, da Melbon, da Fat, da Otawa, da Bombai, da Firitoriya. Da yaƙi ya tashi a 1914 gwamnati ta janye ta daga hannun jama'a ta ba su takarda. Ana buga ta har yanzu domin masu ajiya, da surar Charles na Uku wanda ya hau sarauta a 2022.

Abin da za mu riƙe

Sarakunan nan duka sun shuɗe, surorinsu suna cikin akwatunan gilashi. Amma tambayar Ubangijinmu tana nan. Ya ce a ba Kaisar abin da ke ɗauke da surarsa, a ba Allah kuma nasa. Farawa sura 1 ta gaya mana inda Allah ya buga tasa sura, watau a kan mutum, namiji da tamace. Shi ya sa ƙarfen nan mai zafi na Kef Kos ya zama babban zunubi, gama hatimin ɗan adam aka ɗora bisa hatimin Allah. Shi ya sa kuma ba daidai ba ne mu rena yaron gida, ko almajiri, ko gwauruwa, ko baƙon da ba ya jin harshenmu. Mu biya haraji da bashi da gaskiya, mu auna da cikakken mudu, mu tambayi kanmu daga ina ribarmu ta fito. Kanmu kuwa mu miƙa ga wanda surarsa ke bisanmu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya nuna maƙerin Offa bai san abin da ya ke rubutawa ba?
2. Ina bambanci tsakanin dogara ga Maganar Allah da mai da ita laya? Ku kawo misali daga Luka sura 4.
3. Wa ya fi shan wahala sa'ad da Henry na Takwas ya rage kyan kuɗi? Ta waɗanne hanyoyi a ke yin irin wannan a kasuwarku?
4. Charles da Cromwell sun riƙe aya ɗaya. Me wannan ya koya mana in gardama ta tashi tsakanin 'yan'uwa?
5. In za a buga alama a kan kuɗin da ke aljihunka domin nuna inda ya fito, wace alama za a sa?